Ranar da na taɓa kason Hajiya

Cikin duk ranakun aikina, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka tura ni wurin mahautan unguwar New Bell. Shekarun matsi ne, waɗanda a Douala muke kira la crise. An zaftare albashin ma'aikata, an karya darajar kuɗi, mai sayen kilo ya koma sayen rabi. Ni kuwa ina karatun shari'a a jami'a da ke Ndogbong, da rana ina aiki a ofishin ɗan majalisar yankinmu, wanda kowa ke kira Onorabul. Ina karanta masa takardu, ina mayar da Faransanci zuwa Hausa. Da ɗan abin da yake ba ni nake biyan makaranta.

Ga wanda bai sani ba, gwamnati ce ke tsara kasafin kuɗi, ta kai wa majalisa a Yaoundé. Kwamitin kuɗi ya zauna a kansa, ya kira ministoci ya yi musu tambayoyi, 'yan majalisa su kawo gyara, sannan zauren duka ya kaɗa ƙuri'a. Akwai kuma ƙa'ida mai tsauri: ɗan majalisa ba ya rage haraji sai ya nuna inda za a cike giɓin.

A daftarin wannan shekarar akwai ƙarin harajin yanka. Mahauta suka aiko cewa ko Onorabul ya je ya soke shi, ko su rufe rumfuna. Su a saninsu, idan Sarkin Pawa ya ce a'a, magana ta ƙare, don haka suka ɗauka majalisa ma haka take.

Onorabul yana shirin kama hanyar Yaoundé ya kira ni. "Mon petit, yarona, je ka fahimtar da su. Idan suka rufe kasuwa, unguwa za ta juya mini baya, ni ma in rufe ofishin nan. Ka gane?"

Na gane. Makarantata yake nufi. Amma ni ko a aji kunyar magana nake ji a gaban mutane.

Na isa ana yayyafi. Na tarar suna watanda, wato mutanen unguwa sun haɗa kuɗi sun sayi sa, an yanka, ana kasa naman a kan ganyen ayaba daidai wa daida. Sarkin Pawa, Baba Ɗanjuma, yana zaune a benci yana lura. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan gidan Malam Isa ne? To, Malam Ƙarami, an soke?"

Na fara zuba bayani yadda yake a littafi: daftari, kwamiti, gyara, daidaiton shiga da fita. Wani mahauci mai suna Garba ya ɗago daga kan wuƙarsa. "Baba, yaron nan Hausa yake yi kuwa? A kawo mana tafinta!" Aka kwashe da dariya.

"Ɗana," in ji Baba Ɗanjuma, "tambaya ɗaya na yi maka. Mutumin nan mun zaɓe shi. Bakinsa ciwo yake?"

Na sunkuyar da kai, idona ya sauka kan kason naman. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na miƙa hannu na ɗauki yankin hanta daga wani kaso, na aza a kan na gaban Sarkin Pawa.

Wurin ya hargitse. "Kai! Kai! Wannan kason Hajiya Mairo ne!" in ji Garba. "Kana so ta zo ta tashe mu daga kasuwa?"

"Baba nake girmamawa," na ce.

"Ka girmama shi da naman wani? Sa ɗaya ne, malam! In ka ƙara nan, ka rage can."

"To, abin da dokar majalisa ta ce ke nan," na ce. "Onorabul ba zai iya ƙara muku ba sai ya faɗi kason wanda za a rage."

Baba Ɗanjuma ya ɗauki hantar da kansa ya mayar wurinta, ya goge hannu, sai ya fashe da dariya har yana tari. "Ashe watanda suke yi a Yaoundé! Ka faɗi haka tun farko mana."

Nan take musu ya sauya. Maimakon a rufe ko kar a rufe, sai aka shiga kason wa za a taɓa. Wani ya ce na asibiti, aka yi masa ca, don matarsa ma can ta haihu. Garba ya ce a rage man motocin manya. Kowa ya amince.

Da na buga wa Onorabul waya na faɗa masa, sai ya ce, "Har da motata ke nan? C'est bon, shi ke nan, rubuta." Na tsara gyaran, na duba shi sau da yawa, na aika. Kwamiti bai karɓe shi yadda muka so ba, an dai sassauta ƙarin. Mahauta sun yi guna-guni, amma rumfa ko ɗaya ba a rufe ba, ni kuma na ci gaba da zuwa aji.

Ku da kuka fara aiki a ofisoshin 'yan majalisa yanzu, ga abin da na koya. Mutanenmu ba sa tsoron a ce musu abu ba zai yiwu ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a raba a ɓoye. In aka kasa a gabansu, su da kansu za su hana ka taɓa na asibiti.