Ranar da Fanka Ta Zama Kasko

Malamin Turancinmu a sakandaren Batsari ba ya ga maciji da harafin F. Kullum sai ya buga tebur ya ce, "Bakinku ba ya riƙe P! Fensir, famfo, fetur, duk da P suke a Turanci. Duk inda bakinku ya ce fa, ku tuhume shi." Ni kuwa uwar iyayi, na haddace wannan kamar karatun sallah.

Shekarar da na gama makaranta, kawuna ya buɗe shagon gyaran fanka a Safana. Shi ne ya tsaya tsayin daka sai na yi boko, alhali shi ko A bai sani ba. Ya sayo allo da fenti. Aka ce ya kai wa mai zane, ya ce, "Ina da 'yar boko a gida in kai wa bare? Allah ya kiyaye!" Har maƙwabtan shago ya tara su ga aikin ɗiyarsa.

Na riƙe buroshi ina hura hanci. Fanka dai, fa ce a farkonta, na kuwa tuhume ta nan take. Na zana PAN REPAIR da manyan baƙaƙe. Kawu ya yi ta nuna wa mutane yana cewa, "Kun ga hannu!"

Ranar wata kasuwa na kawo masa abinci, sai ga babur ya tsaya. Wa zan gani? Malaminmu, da hujajjen kaskon suya a hannu! Bayan sun gaisa ya ce, "Na ga allonku ya ce ana gyaran kasko, shi ne na kawo na uwargida."

"Kasko kuma? Fanka muke gyarawa, Malam."

"To, fanka da F take. Wannan mai P ɗin kasko ne a Turanci. Wane gwani ne ya rubuta?"

Sai a lokacin ya hango ni a bayan kawu, dariyarsa ta ɗauke. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ba malamin nake ji ba, kawu nake ji, mutumin da ya cika baki da ni gaban maƙwabta, ga su nan kuma sun fara leƙowa.

Kawu ya dubi allon da ba ya iya karantawa, ya dube ni. Ya miƙa hannu ya karɓi kaskon, ya ɗaga shi sama yana neman hujin.

"In ɗiyata ta rubuta kasko, to ana gyaran kasko. Zauna, Malam."

Ya liƙe shi tsaf da dalma.

Yau ni ke koyar da Turanci, ina buga nawa teburin. Sau uku ina zuwa da fenti in gyara harafin nan, kawu yana korata. Wai allonsa bai taɓa yin ƙarya ba, ga tukwane nan jibge kusa da fankoki suna jiran layi.