Fitar da Na Yi Cikin Takaba

Jama'a, ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, 'yar ƙanwata ce take rubutawa ina faɗa mata, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, a gidanmu na Mandawari, shekarun baya, ina cikin takabar mijina, kuma har yau in na taɓo shi sai na nemi bakin mayafi.

Malam, Allah Ya jiƙansa, ɗan sandan farin kaya ne, irin waɗanda ba a ganewa, sai ka gan shi da 'yar shara da hula kamar mai zuwa cefane, alhali wani yake bi. Albashin bai taɓa kai mu ƙarshen wata ba, ni nake cikewa da ƙullin daddawa. Da ya yi ritaya na ce alhamdulillahi, yau dai na samu miji. Ashe ban samu ba. Akwai wani lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, Alhaji Sabo, wanda suka daɗe suna aiki tare, shi ya ce da Malam ya riƙa zuwa bakin kotu yana taya shi nemo shaidu, don mutanenmu da sun ji an ce shaida sai su gudu. Ba takarda, ba ofis, ba albashi, sai benci a gindin darbejiya da ɗan abin da Sabo ya ga dama ya miƙa masa, ya ce na mota.

To ni fa Sabon nan, Allah Ya yafe mini, ban taɓa ƙaunarsa ba. Malam ya taka ƙasa har takalmi ya huje, Sabo ya tashi a gaban alƙali da baƙar riga a yaba masa, a ƙara masa girma, har ya gina bene a bayan gari, matarsa tana zuwa mana suna da zinare har gwiwar hannu tana ce mini "Yaya, sannu da fama." Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Hira. Mutumin da zai shigo gida in tambaye shi ya aiki ya ce "Da godiya," shi ke nan, an rufe, shi ne in Sabo ya zo soro za ka ji dariyarsa har madafa. Wata rana na ce, "Malam, ni da Sabo wa aka ɗaura maka?" Ya yi murmushi ya ce, "Ke ai gida ce, ina za ki?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ciwon da ya tafi da shi bai yi sati ba. A lokacin yana neman wani baduku da aka yi kisa a gabansa a wajen Jakara, ya tsorata ya bar gari, ba wanda ya san inda ya nufa, shari'a kuma ta tsaya a kansa. Ko a kan gadon asibiti, ina tofa masa addu'a, abin da yake tambaya shi ne ko Sabo ya zo.

Na shiga takaba. Ku da kuka sani kun sani, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba turare, kuma a gidanmu mai takaba ko soro ba ta leƙawa. Ƙanwata ta dawo ta zauna da ni. Ni kuwa kullum roƙona ɗaya, Allah Ya nuna mini shi ko a mafarki ne, ya ce mini wani abu, ko da "na gode" ne. Shiru. Sai in kwanta in tashi kamar an shafe allo.

Ana saura 'yan kwanaki a yi sadakar arba'in, da hantsi, sai ga Sabo. Ya tsaya a soro, ni ina daga ciki bayan ƙyaure, muka gaisa, sai ya ce:

"Hajiya, badukun nan ya zo kotu jiya. Da ƙafarsa."

Na ce, "To madalla, sai a ƙara maka girma."

Ya ce, "Ki tsaya ki ji. Na tambaye shi wa ya nemo shi, ya ce wani dattijo ne ya same shi a ƙauyen kakanninsa ranar Laraba bayan azahar, dogo, mai tabo a gira, yana ɗan tari. Ya zauna da shi a gindin rumbu yana lallashinsa, da zai tafi ya fasa goro ya ba shi ɓari ya riƙe ɓari."

Kamannin Malam ne sak. Kuma haka Malam yake yi, duk shaidar da ya samo ba ya sa shi rantsuwa, goro yake fasawa su raba, ya ce mu haɗu a kotu, kuma da wuya a ci wannan goro a ƙi zuwa. Na ce, "Wace Larabar?" Ya ce wadda ta wuce. Inna lillahi! Mutumin da aka kai makwancinsa sama da wata guda.

Sabo ya ce ba shi kaɗai ba, mai shayin bakin kotu ma ya rantse sau biyu yana hango shi a kan bencin nan da rana tsaka, in ya waiwaya ya sake dubawa sai benci kawai. Sai ya fashe da kuka, babban mutum, yana cewa, "Allahu Akbar, ko a kabari Malam bai bar ni ba."

Jama'a, ya kamata in ji tsoro, ko in ce Shaiɗan ne, ko in yi masa addu'a. Wallahi ba ko ɗaya. Kishi ne ya kama ni, mai zafi. Wato ni da na wanke masa kaya shekara da shekaru, ni da nake zaune a ɗaki ba wanka da sabulu mai ƙamshi saboda shi, ko a mafarki ban isa ba, amma an ba shi dama ya dawo sai ya tafi aikin Sabo? Aikin da ko albashi babu? Na ce da Sabo, "Allah Ya bar ku tare," na tura ƙyaure.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Rana ta uku ƙanwata ta tafi asibiti dubo jikarta, ta ce sai yamma. Tana fita na zura hijabi, na ja ƙofa, na bi lungu kaina a ƙasa kada a gane ni, na fita titi na hau a-daidaita. Na ce in dai a benci yake zama, yau zai gan ni, ya faɗa mini abin da na yi masa.

Ban taɓa zuwa kotun ba sai ranar. Na ga darbejiyar, na ga bencin, ɗan guntu, ƙafa ɗaya an tokare da dutse, na ce a raina wai nan ne aka fi gidana. Na zauna a gefe. Mutane suna ta wucewa da takardu, mai shayin ya ce, "Iya, shari'a gare ki?" Na ce, "Babba ma." Aka yi azahar ina nan, rana ta juya, inuwa ta bar ni, duk dogon mutum da ya ɓullo sai gabana ya faɗi. Ba kowa. Da aka kira la'asar na tashi, ƙafafuna sun kumbura, ina tafe ina ce masa a zuci, to shi ke nan, na gane matsayina.

Ina isa ƙofar gida sai maƙwabciyata Gwaggo Asabe ta kira ni. Tsohuwa ce, idonta ya tafi, amma kunnenta ko allura ta faɗi ta ji, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu tun ina amarya.

"Ke, ina kika je kina takaba?"

Na tsaya a bakin ƙofarta.

Ta ce, "Zo nan kusa." Ta laluba ta kama hannuna, na ji nata ya yi sanyi. "Bayan azahar an yi sallama a ƙofarki. Daga waje, kamar baƙo. Aka yi ta farko, aka jira. Aka yi ta biyu, aka yi ɗan tari. Ni na san tarin nan, shekara nawa ina jinsa ta katanga. Na buɗe baki in amsa, harshena ya ƙi. Aka daɗe, aka daɗe sosai, sannan aka yi ta uku, a hankali. Da ba a amsa ba sai na ji takun ya juya."

Na ce, "Gwaggo, bai ce komai ba? Bai bar saƙo ba?"

Ta ce, "Ai ba ni ya zo wa ba, 'yar nan. Ya zo inda ya san zai same ki."

Nan na zube a ƙofar gida, hijabi cikin ƙasa.

Na je wa malamai daga baya, kowa ya ce matacce ba ya dawowa, in yi istigfari, kuma ina yi. Ban ce muku shi ne ba. Ban san mene ne ba. Amma daga ranar ba a ƙara ganin kowa a bencin nan ba, ni ma ba a ƙara yi mini irin wannan sallamar ba, ko da yake har yau in an yi azahar ba na yarda a kunna rediyo a gidan nan.

Ku mata, in Allah Ya jarrabe ku da takaba, ku zauna a ɗakinku, kome aka zo aka faɗa muku, kome zuciya ta raya muku. Kuma duk wanda ya ji sallama a ƙofa, ko tsoro ya kama shi, ya daure ya amsa. Sau uku kawai ake yi.