Sunan Baba daga Jidda zuwa Fella

Kafin kiran asalatu muka kulle gidanmu a unguwar Madain Fahd ta Jidda, mu uku: ni, matata Rabi mai ciki wata biyar, da mahaifina. Baba haifaffen Jidda ne, kuma sunansa Iskandar. A nan ba mai ɗaga kai in ya ji sunan. Amma Rabi 'yar Kano ce, kunnenta iskanci kawai yake ji. Likita ta ce namiji ne, na ce sunan Baba zai ci, ita kuwa ta ce ba za a riƙa yi wa ɗanta dariya a Kano ba. Baba ya ji labarin, sai ya nemi in kai shi ya ga garin takwaransa, sarkin Masedoniya. Na nemo mana biza, na sa Rabi a tafiyar da gangan.

Tasalonika

Mun canza jirgi a Atina, muka sauka Tasalonika bayan la'asar. Masaukinmu na kallon teku, Baba ya leƙa ya ce bai kai namu shuɗi ba. Muka ci gasasshen kifi da zaitun da wani burodi mai riɗi kamar awarwaro. Da safe direban da muka ɗauka ya zo, wani ƙato mai gashin baki. Ya taɓa aiki a tashar jirgin ruwan Jidda, don haka yana da ɗan Larabci. Ya duba fasfon Baba, ya buga ƙirji.

"Iskandar? Ni ma! Da yarenmu Alekos!"

"Yalla, takwara," in ji Baba, ya shige gidan gaba.

Fella

Ba mu yi awa ɗaya a hanya ba, cikin gonakin auduga. Nan ce fadar da aka haifi sarkin, amma yau sai ginshiƙai da faffaɗan fili. Alekos ya kai mu gaban wani daɓe da aka zana da ƙananan tsakuwoyin rafi: maza biyu sun sa zaki a tsakiya. Ya ce ana jin sarki ne da ɗaya daga cikin sarakunan yaƙinsa, waɗanda suka raba daular bayan mutuwarsa. Aikin ya ƙayatar. Matsalar ita ce ba ko ɗan kamfai a jikinsu, sai mayafi a kafaɗa.

Rabi ta ja gyalenta ta rufe baki, ta raɗa mini, "To, ga ma'anar sunan nan a ƙasa."

Baba ya ji. Ya juya yana karanta allon da ba ya iya karantawa. Raina ya ɓaci sosai, na ce a zuci kuɗin jirgi na kashe na kawo wa kaina shaida.

Berjina

Washegari muka nufi tsohuwar fadar kakannin sarkin, tafiyar wajen awa guda. Kaburburan sarakuna suna ƙarƙashin wani tudu, ciki duhu da sanyi. Muka tsaya gaban akwatin zinariya mai tauraro, inda aka sa ƙasusuwan sarki Filibus. Alekos ya ce ɗansa Iskandar ne ya yi masa wannan sutura kafin ya fita yaƙin da bai dawo ba. Baba ya daɗe a tsaye, na ga yana share ido.

"Ubana a hanyar hajji ya ji sunan a bakin wani malami," ya ce. "Shi kaɗai ya bar mini."

A waje Rabi ta sa na tambayi Alekos ma'anar sunan. Ya ce mai kare mutane. Ya ƙara da cewa shi na kakansa ya ci, don a ƙasarsu ɗan fari sunan kaka yake ɗauka.

"Kuma uwarka ta iya kiran sunan surukinta?" Rabi ta tambaya.

"Kullum, da ihu!"

Ta yi dariya har ta dafa mota. Daga nan muka kama hanyar komawa.

Gida

Mun sauka Jidda da hantsi, Baba ya ce a tsaya a sayi ful da tamis, dafaffen wake da gurasar Jidda, kafin komai. Alhamdulillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu, Alekos kuma mun gode.

Da watannin suka cika aka haifi yaro. Daren suna na tambayi Rabi abin da zan faɗa wa liman, ta ce, "Sa na Baba. Ni dai Abba zan kira shi." Da liman ya raɗa sunan, Baba ya ce, "Halas, shi ke nan."

Can sai ga wayar mahaifiyarta daga Kano, tana tambayar wane suna yaro ya samu.

"Haba Umma," in ji Rabi, "sunan surukina ne fa. Da wane baki zan faɗa?"