Ɗacin da Ya Tsallako Shinge

Bayan garejin gyaran motoci akwai wani ɗan fili da mai shi bai gina ba tukuna. A nan matar da kowa ke kira Mai Duma ta yi rabin rayuwarta a durƙushe. Ƙasar wurin baƙa ce, tana warin man inji idan rana ta take, amma duma bai damu ba. Yakan hau tsofaffin tayoyi, ya nannaɗe ƙarafan da makanikai suka yar, da yamma kuma ya buɗe fararen furanninsa a kan shinge, masu laushi kamar numfashin jariri.

Duma iri biyu ne. Akwai mai ɗaci, wanda ake bari ya ƙosa ya bushe a fafe shi a yi ƙwarya da ludayi. Akwai kuma na ci, da ake tsinka tun yana ɗanye, farce na shiga fatarsa. Nata na ci ne. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓi irin, a ƙulle cikin tsumma, da shi kuma ta raini 'yarta bayan rasuwar mijinta. Masu saye a teburinta na bakin titi ba sa ko ɗanɗanawa.

Yadda ta ga mahaifiyarta na yi, haka take yi. Duk damina takan zaɓi duma ɗaya tak, wanda ya fi kyau, ta ɗaura masa jan ƙyalle, ta bar shi ya ƙosa don iri. Idan sabon iri ya bushe, sai ta watsa wa kaji tsohon, wai ba ya tsirowa da ƙarfi.

Shagon ƙanin mijinta, wani kafinta mai furfura da yawan surutu, yana jikin shingen ta ɗaya ɓangaren. Wata shekara ya ce shi ma zai shuka duman ƙwarya, don wani mai sayar da kayan ado ya yi masa alkawarin saye.

"Matar yaya, bana zan koya miki noma."

"Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa daidai? Kujerar da ka yi mini har yau ɗingishi take."

"Ƙasan ɗakinki ne ya karkace, tsohuwa."

"Tsohuwa ka ce? To wa zai ba ka abincin rana gobe?"

Suka yi dariya, ya shuka abinsa. Yabanyar biyu suka haɗu a kan shinge, suka sarƙe. Dumanta na wannan shekarar ya yi daɗi kamar kullum, wanda ya fi kyau kuwa shi ne wanda ya rataya ta ɓangaren kafinta. Shi ta ɗaura wa jan ƙyalle.

Da damina ta zagayo, yabanya ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Tsinkar farko ta sayar wa wata mai gidan abinci da ta daɗe tana ciniki da ita. Washegari matar ta zo, mayafinta a hannu.

"Inna, me na yi miki? Waɗanda suka daure suka ci, amai da gudawa suke har yanzu. Tukunya guda na zubar!"

Mai Duma ta yanki ɗaya daga na kan tebur, ta taɓa shi da harshe. Ɗacin ya tafi har cikin kunnenta. Ta shiga filin tana bin yabanya ɗaya bayan ɗaya, tana yanka tana lasa, har bakinta ya daina rarrabewa. Ruwan da ta kurkure da shi ma ɗaci ya yi mata.

'Yarta, wadda ke shara a wani asibiti, ita ta nemo malamin gona. Mutum ne mai haƙuri. Ya zagaya, ya leƙa bayan shinge, ya ga busassun ƙoren kafinta a jingine, ya girgiza kai.

"Inna, ɗacin nan guba ne da tsiron ke yi don kada dabba ta ci shi, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Ƙwarin da ke bin furanni da magariba ne suka ɗauko garin furen wancan suka zuba a naki. Bara bai fito a naman duman ba, cikin 'ya'yan ya ɓuya."

"To ya ƙare ke nan?"

"Bai mutu ba, ɗacin ne ya danne shi. Ki bar ɗaya ya ƙosa, ki shuka 'ya'yansa baɗi. Da sun tsiro ki ɗanɗani ganyen farko, ki cire masu ɗaci. Kaɗan daga ciki za su dawo irin na da. Sai ki raine su nesa da duman kowa."

Ta nuna masa kusurwar filin da haɓa, inda aka jibge bulo da yashi tun makon da ya wuce.

"Malam, baɗi a ina?"

Ya dubi bulon, ya yi mata sallama ya tafi.

Ta bi gidajen matan da ta taɓa ba wa iri. Ɗaya ta tashi daga unguwar, ɗaya ɓeraye sun cinye nata, ɗaya ma ta manta an taɓa ba ta. Ranar da magina suka fara haƙa harsashin gini a filin, ta tsinke duma ɗaya da ya ƙosa, ta rungumo shi zuwa ɗakinta na haya, ta tura ƙarƙashin gado.

Kafinta ya zo da wani dogon akwatin katako a ka. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Wallahi ban san dumana zai ɓata naki ba, matar yaya."

"Ni ma da na tsufa a ciki ban sani ba. Ajiye shi can."

Ɗakinta a ƙarshen wani lungu yake, tsakanin bene biyu. Rana takan leƙo da tsakar rana, ta tsaya kamar baƙuwar da ke sauri, ta wuce. A nan ta cika akwatin da ƙasa, ta shuka 'ya'yan duman nan duka da ruwan farko na sabuwar damina. Da suka tsiro ta durƙusa da kofin ruwa a gefe, tana gutsurar bakin ganye, tana tofarwa, tana jira bakinta ya huce kafin ta taɓa na gaba. Ta cire, ta cire, har akwatin ya kusa zama fayau.

Biyu ba su da ɗaci. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane, 'yarta ta rasa ko kuka take ko dariya.

Suka hau igiyar da ta ɗaura musu, sirara, kalarsu a koɗe, suna miƙa wuya zuwa ɗan tsagin sararin da ke sama. Suka yi fure. Kullum da yamma takan ɗaga furen ta duba ƙasansa, ko za ta ga ɗan kumburin da ke nuna mace ce, wadda ke yin ɗa. Duk maza ne. Su buɗe da magariba, da safe ta share su a bakin ƙofa. Sau ɗaya mace ta fito, ta yi ɗa kamar ɗan yatsa, ya yi rawaya ya faɗi.

Ruwa ya ɗauke. Ganyen ya bushe daga ƙasa zuwa sama. Mai Duma tana zama a teburinta har yanzu, tana sayar da albasa da tumatir da take sarowa a kasuwa. Wata safiya 'yarta ta tambaye ta ko za ta iya kwance igiyar, tana so ta shanya wanki. Ta ce ta kwance.