Haulatu Biyu a Gida Mai Lamba Sha Bakwai

A garin Kankia akwai wata mata da yara da manya ke kira Goggo Haulatu mai nono. A wata ruga kusa da Fakuwa aka haife ta, ta iya tatsa tun kanta bai kai ƙirjin saniya ba. Da ta yi aure, mijinta Modibbo ya kawo ta gefen gari, suka gina ɗakuna biyu na ƙasa a bakin wata ƙorama. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan kuma Modibbo ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ta fi shekara talatin tana tallar fura da nono. Ba ta yi boko ba, Hausarta ma har yau akwai ɗan gargadar Fillanci, amma ba gidan da ba ta sani ba. Ta san mai son kindirmo da mai son tsami, ta san inda ake jego, ta san wanda ya tafi ci-rani da wanda ya dawo. Aibinta ɗaya, in aibi ne: abin da idonta ya gani sai bakinta ya faɗa, ta bi shi da dariya.

Wata damina ƙoramar ta yi ambaliya da hantsi, ta kwashe gidajen da ke bakinta, har da na Goggo. Tana wajen talla a lokacin, don haka abin da ta tsira da shi ƙwaryarta ce da ludayi. Ta koma gidan ɗiyarta Karima da zama. Ma'aikata suka zo suka rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, suka ɗauki hotuna. Bayan watanni gwamnati ta gina gidaje arba'in a kan hanyar Kusada, masu jan kwano, aka kafa kwamitin rabo na 'yan gari. Sakataren kwamitin wani ɗan gayu ne mai suna Ɗanmaliki.

Sau biyu Goggo tana zuwa wurinsa.

"Goggo, sunanki bai fito ba," in ji shi. "Sai dai wani karon."

Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daga nan ta ƙara sabuwar unguwar a cikin zagayenta na talla, tunda ko ba komai ai masu gidajen za su sha fura.

Sai dai cinikin bai yi armashi ba. Kusan rabin gidajen a kulle suke, ba hayaƙi, ba shanya, ba kukan yaro. Wani in ta zo wucewa sai warin albasa ya buge ta, wani raguna ke kuka a ciki, wani kuwa ta leƙa ta taga ta ga buhunan gero har rufi. Ta faɗa a cikin gari, aka yi dariya, aka ce Goggo ba ta rabo da labari. Amma wasu daga cikin waɗanda aka hana sun rubuta koke zuwa Katsina, bayan shekara guda gwamnati ta turo masu bincike su duba ko gidajen sun shiga hannun masu su.

Ɗanmaliki ya samu labarin zuwansu. Goggo kuwa ba ta san komai ba.

Ran nan da safe ta shigo unguwar da ƙwarya a ka, sai ta yi turus. Ko'ina an share, kowace ƙofa a buɗe, ga shanya a igiya, ga mata zaune a kan tabarmi. Murna ta kama ta, ta ce yau ko ludayi ɗaya ba za ta mayar gida ba.

A ƙofar gida mai lamba sha bakwai ta tarar da taro. Wata jami'a mai tabarau, Malama Ummusalma, ita ce shugabar masu binciken, tana tsaye da takardu a hannu. Ɗanmaliki na gefenta cikin shadda mai sitaci. A bakin ƙofa kuma Tani ce zaune, ƙanwar matar Ɗanmaliki, wadda Goggo ke kai wa kindirmo kullum a gidanta na cikin gari.

Malama Ummusalma ta duba takarda ta kira sunan mai gidan. "Haulatu Modibbo!"

"Na'am," in ji Tani a hankali.

"Na'am!" in ji Goggo daga bayan taro, da ƙarfinta.

Kowa ya waiwayo. Jami'ar ta dubi wannan, ta dubi waccan. "To, wace ce a cikinku?"

Goggo ta sauke ƙwarya, ta matso tana kallon Tani. "A'a! Tani, mi ya kawo ki nan? Yaushe kika zama Haulatu? Jiya-jiyan nan na bar ki kina Tani."

"Hajiya, kada ki kula ta," in ji Ɗanmaliki da sauri. "Tsufa ne, ta fara rikicewa."

Malama Ummusalma ta koma kan takardunta. Ta buɗe wata jaka ta lalubo hoton da aka ɗauka bayan ambaliya, mai ɗauke da wannan suna. Ga mace tsaye gaban rusasshen gini, ga ƙwarya a kanta, har da giɓin haƙorinta. Ta ɗaga hoton kowa ya gani, Goggo ce.

Tani ta ja gyale ta rufe fuska. "Wallahi ni cewa aka yi in zauna zuwa azahar kawai," ta ce. Ta suri takalmanta ta bar wurin, ta bar tukunya a kan murhun da ko wuta ba a hura masa ba. Mutane suka fashe da dariya. Can gefe wasu mata biyu suka fara naɗe tabarminsu a hankali.

Goggo dai ba ta gama fahimta ba. "Ɗiyata, wai mi ke faruwa?"

"Goggo, gidan nan naki ne. Da sunanki ya fito tun farko," in ji Malama Ummusalma.

Ta daɗe tana kallon ƙofar, ƙofar da ta yi shekara tana wucewa tana toshe hanci. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin zane. Sai ta juya wajen sakataren, wanda ta sani tun yana goye.

"Haba Ɗanmaliki. Da ka faɗa mani nawa ne, ai da na bar maka ɗaki guda ka sa albasarka."

Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai, zufa na bin wuyan shaddarsa.

Malama Ummusalma ta roƙi Goggo ta zaga da su. Ta ce nononta zai yi tsami a rana, masu binciken suka ce su za su shanye shi. Haka suka bi unguwar ƙofa-ƙofa, jami'ar na kiran suna, Goggo na bayani. Wannan na Malam Basiru mai gyaran keke ne, yana can yana kwana a shago shi da iyalinsa. Wannan na Maimuna ne, ta koma ƙauyen Boko wajen yayanta. Inda kuma mai gida na gaskiya ne, sai ta ce, "Wannan kam shi ne, da idona na ga ruwa ya ci gidansa." Ba su tsaya ga maganarta kaɗai ba, kowane gida sai sun gwada da hoto, sun tambayi mai unguwa. Ko sau ɗaya ba su same ta da kuskure ba.

Gida goma sha tara aka samu a hannun da bai dace ba. Aka rushe kwamitin, aka kai Ɗanmaliki da mutum biyu gaban hukuma. Kafin kaka aka tara jama'a a fili, aka karanta sunaye da lasifika, kowa ya karɓi makullinsa a gaban kowa. Tun daga lokacin masu binciken kan leƙo unguwar ba tare da sanarwa ba.

Tani ta zo har gida ta ba da haƙuri. Goggo ta ce ya wuce, amma har yau in ta kai mata kindirmo da "Salamu alaikum, takwara" take shiga.

Karima ta so uwarta ta ajiye talla ta huta, Goggo ta ce zama wuri ɗaya ne zai kwantar da ita. Da rani Harisu ɗan Goggo ya dawo daga kiwo ya kawo mata shanu uku, ya kafa masu turke a bayan gida. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin ƙuda da kashin shanu, har suka ce za su kai ƙara. Ba a yi wata biyu ba suka ga yadda zogale da kuɓewar da ta shuka suka yi kore shar, sai ga su ɗaya bayan ɗaya da bokiti a hannu, suna gaishe ta suna tambaya ko akwai ragowar taki.