Rigar da Taubashina Ya Kai Agadas

Taubashina tela ne a nan Matameye, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Mutum ne mai hankali a komai, sai a abu guda: wani tsohon Buzu mai kaɗa jita.

A Kano ya kwaso ciwon, shekarun da muke zuwa cin rani. Wani maigadi a layin da yake ɗinki ya ba shi kaset, shi ke nan. Da yayin kaset ya wuce, ya sa aka zuba masa a waya. Ni dai na yawata, na ji kiɗa a Kwatano, na ji a Abijan, amma ban taɓa jin abin da ya yi kama da kukan akuyar da ta maƙale a danga irin wannan ba. Kuma ko kalma ɗaya ta Buzanci ba ya ji. In ka tambaye shi me ake cewa, sai ya ce ba da irin kunnenka ake jin wannan ba.

Akwai wani wuri can ƙarshen wani kiɗan, inda tsohon ke yin shiru ya bar jitar ita kaɗai. In an zo nan, taubashina ɗaga ƙafa yake daga kan keke, ko da ranar kasuwa ce masu kaya na tsaye a kansa. Bayan Makka, burinsa guda ne: ya ji wannan wurin daga hannun mai shi kafin ɗayansu ya mutu.

Sai ga labari wai tsohon ya dawo daga Turai, zai yi wasa a Agadas, kuma ƙila daga shi ya aje. Taubashina ya yanko shadda mai nauyi, ya zauna ya ɗinka babbar riga, aikin wuyanta duk da hannu. Na ce zan raka shi, don kada a ce bawana ya ɓace a ƙasar mutane ina zaune.

Daga Matameye zuwa Damagaram, daga nan muka shiga kar, wato babbar bas, ta Agadas. Rigar nan ba ta shiga cikin kaya ba, a cinyarsa ta yi tafiyar kamar jaririya. Duk shingen da jandarma suka sa ya buɗe, sai ya yi musu bayanin ɗinkin har su gaji su ce ya wuce.

Wasan a farfajiyar wani otal aka yi, bayan la'asar. Turawa ne a gaba, sun naɗa rawani kamar waɗanda aka yi wa ɗauri a asibiti. Samarin gari kuwa kowa ya ɗaga waya, ba mai kallo da idonsa. Can sai aka fito da gwanin. Ɗan tsamurmurin tsoho ne da baƙin tabarau, ya zauna a kujerar roba, bai gai da kowa ba. A wurinmu ko mai gurmi in zai fara sai ya gai da manyan gari ya roƙi iznin wuri. Wannan kuwa ya duƙa yana murɗa kunnuwan jita har na fara hamma. Na ce wa taubashina, in wannan ne, ai da mun tsaya wajen mai walda na bakin tasha. Bai ma ji ni ba, idonsa ya cika da hawaye.

Kiɗa na uku shi ne nasa. Na gane shi, don dole, shekara da shekaru ina shan shi a shagonsa. Tsohon ya gama waƙa, ya sunkuyar da kai, yatsunsa suka fara hawa. Sai na ga taubashina ya miƙe yana warware rigar.

Na kama masa hannu. "Kai bawa, zauna ka ji abin da ya kawo ka."

"A tsakiyar daɗi ake sa wa makaɗi riga, kai ma ka sani."

Gaskiyarsa ce kuwa. A gida, in mai kalangu ya yi zafi, lokacin ake zura masa riga. Ya fito da kai ta wuya, ya naɗe hannuwa a kafaɗa, ya ci gaba da kiɗa da sunanka a bakinsa. Sai dai kalangu ba shi da igiyar lantarki.

Masu tsaron wurin suka ga dattijo da hula da shadda, suka ɗauka wani babba ne, suka buɗe masa hanya. Ya hau dandamali, ya ware rigar nan iyakar faɗinta, ya kifa wa tsohon, shi da jitarsa da kujerarsa. Lasifika ta yi wata ƙara da ta sa tantabarun otal suka tashi. Gwanin duniya yana ta mutsu-mutsu a ciki yana neman ƙofa, rawaninsa ya sarƙe da wuyan riga, igiyar jita ta fizge. Wuri ya yi tsit. Turawa suka ɗauka cikin tsarin ne, suka yi ta tafi.

Da aka fiddo shi, ya gyara tabarau, ya shafa ɗinkin, ya ce da Hausarsa ta Buzaye, "Madalla, Malam." Daga nan ya dubi rana, ya ga magariba ta kusa, ga shi an riga an cire shi daga wuta. Ina jin dama neman dalili yake. Ya miƙa wa wani cikin mabiyansa jitar, ya shige ciki. Bai sake fitowa ba.

Washegari a tasha muka ga motar kayan makaɗan za ta fita. Rigar ce aka lulluɓe lasifikoki da ita don rana, an ɗaure ta da igiyar roba. Na zunguri taubashina. Ya duba ya daɗe, ya ce ai shadda ce mai kauri, za ta tare.

Muka kama hanyar gida har muka wuce Tanut. Na ce, to, ka dai ji wurin naka?

Ya ce, "Na ji farkonsa."

Tsohon bai sake wasa ba, yadda muka ji. Taubashina har yau yana sa kiɗan a shago, ni kuma har yau ina zuwa in zauna in tsokane shi. Sai dai yanzu in an zo wurin nan ba ya ɗaga ƙafa. Ƙara taka keken yake, har sai ya wuce.