Hasken da iska ke tarewa

Ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba maigidana ya rasu, na shiga takaba a gidanmu na Jega. Wata huɗu da kwana goma, iyakata ɗaki da bakin rijiya. Ran kasuwa ina jin kukan shanu da motocin hatsi ta bayan katanga, ba halin in leƙa.

Cikin wannan zama ɗana na fari ya taho daga Sakkwato, inda ya yi karatun kimiyya. Ya durƙusa bakin ƙofa da takarda a hannu. Ni kuwa na juya masa gefe, don a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jan magana da shi.

Ya ce, "Inna, an kira ni ƙasar Turawa ƙarin karatu. Sun aza wata na'ura can bisa, tana zagaya duniya, tana kama wani haske da ake ce ma gama. Daga nesa yake tahowa, gaba da taurarin da muke gani. Wani hasken kan ɗan jima. Wanda za ni bi gajere ne, kafin ki ƙare bisimilla ya wuce."

Na tambayi bango, ba shi ba: "Walƙiya ce? Tana kawo ruwa?"

"Ba ta kawowa. Ido ma ba ya ganinta. Ko na'urar sai an kai ta sama, don nan ƙasa iska ke tare hasken."

Haske wanda ido ba ya gani, iska na tsaronsa, ɗana kuma zai bi shi! Na san wata mata a Maiyama da ta fara da irin wannan zance, ta ƙare a ɗaure. Kalma ɗaya nake buƙata, in ce wace iska. Kunya ta riƙe mini baki.

Na ce, "Ban yarda ba."

Ya ce, "To, Inna." Ya ninke takardar. Kwana bakwai ina aika masa rubutu da turaren hayaƙi, yana sha, yana turarawa, bai taɓa tambayar dalili ba. Kafin in fita takaba wa'adin takardar ya wuce. Ya kama koyarwa, da rani yana noman albasa a Aliero.

Sai da 'yarsa ta girma ta shiga jami'a na ba ta labarin, tana yi mini kitso. Ta saki kaina ta yi ta dariya.

"Tsohuwa, kin kashe mu! Iskan ga da kike shaƙa yake nufi, wanda ke busar miki da kuɓewa."

"Ke, rufe min baki, mai kan ƙwarya."

Da ta ga ban yi dariya ba, ta koma kan kitson.

Yanzu ɗan nawa shi ma ya yi furfura. Kowace Juma'a yana zuwa gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofar nan. Na shirya maganar ba shi haƙuri ta fi a ƙirga. Yana sallama sai in juya gefe, in tambayi bango ko albasa ta yi kyau bana.